Ƙyallin Awa Ɗaya: Nasiha ga Matasa Masu Kula da Motoci a Jos

Ƙannena masu wankin mota, da yaran gareji, da matuƙa keke na Jos da Bukuru, da ku nake. Maganar da zan yi da ku a kan wani ɓangare ne na mota da kuke taɓawa kullum, amma ba a cika zaunar da yaro a koya masa yadda ake kula da shi ba. Ina nufin baƙar robar nan da ke jikin mota ta waje: bamba, da murfin madubin gefe, da robar da ke kewaye da bakin taya, da wadda ke kwance a gindin gilashin gaba, da hannun ƙofa, da matakin hawa, da ragar gaba. Oga zai nuna maka yadda ake wanke fenti, ya yi maka faɗa in ka bar zane a gilashi, amma in aka zo kan roba sai ya miƙo maka tsumma da gwangwanin baƙin mai, ya ce goga ta yi ƙyalli. Da haka ɗabi'ar take wucewa daga hannu zuwa hannu, dukiyar mutane tana lalacewa, ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga farko. Robar da rana ta cinye ba ta komawa yadda take. Duk abin da za a shafa mata bayan nan rufin asiri ne, wani na kwana biyu, wani na shekara. Saboda haka aikin mai hankali kashi biyu ne: ya tsare robar tun tana da lafiya, ya kuma gaya wa mai mota gaskiyar abin da ya shafa mata.

Ku fara sanin abin da kuke gogewa

Iyayenmu ba su sha wannan wahalar ba. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 bambarta ƙarfe ce mai ƙyalli, abin tsoronta tsatsa ne kawai. A Turai kuwa tun 1972 kamfanin Renault na Faransa ya fito da ƙaramar motarsa Renault 5 da bambar roba, kuma sannu a hankali sauran kamfanoni suka bi sahu. Dalilansu a fili suke. Roba ba ta da nauyi, don haka mota ba ta shan mai da yawa. Ba ta tsatsa. Ana zuba ta a kowace irin siffa da araha. In aka yi ɗan karo takan lotsa ta dawo, kuma in an buge mai tafiya a ƙasa raunin bai kai na ƙarfe ba. Yau duk motar da ta shigo mana daga Kwatano ko Legas, Golf ce, Sharan ce, Corolla ce, Vibe ce ko CR-V, za ka same ta da roba ta ko'ina.

Mafi yawan wannan baƙar roba ana kiranta folifirofilin. Wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Giulio Natta, shi ya gano yadda ake yin ta mai ƙwari a 1954, kuma a 1963 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Bajamushe Karl Ziegler. Da ita ake yin kujerar roba da buhun shinkafa, kuma a nan Najeriya ana sarrafa ta a Eleme kusa da Fatakwal. Don bamba, ana gauraya ta da wata roba mai taushi saboda kada ta yi saurin tsagewa. In an kwance bamba a gareji, ku juya bayanta ku duba, za ku ga an buga haruffa kamar PP, wato folifirofilin, ko PP+EPDM. A bayan ragar gaba ko murfin madubi kuna iya ganin ABS ko ASA. A jikin fitilar gaba kuwa PC za ku gani. Waɗannan haruffa suna gaya muku cewa robobin ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da wannan ta jure yana iya tsaga waccan. Yaron da ya saba duba su ya riga ya wuce sa'anninsa da taki guda.

Baƙin da kuke gani a jikinta ma yana da aiki. Wani garin gawayi ne mai laushi ƙwarai ake zubawa a cikin robar tun tana narke, yana tare hasken rana kada ya shige ciki, kuma ana ƙara wasu sinadarai masu rage ɓarnar hasken. Sai dai waɗannan masu gadi ba sa dawwama. Suna ƙarewa da kaɗan-kaɗan daga saman fatar robar, kuma yadda kuke wanke ta yana iya gaggauta ƙarewarsu.

Yadda rana take cin roba

A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. In ya faɗa kan roba, shi da iskar da muke shaƙa sai su haɗu su riƙa tsinka zaren da ya sarƙe robar. Saman fatar sai ya cika da ƙananan tsage da ido ba ya iya rarrabewa, ya zama gari-gari. Haske in ya faɗa kan wuri mai kaushi irin wannan warwatsewa yake yi, shi ya sa baƙi ke komawa toka-toka, daga baya ya yi fari. Kowa ya san kujerar robar da aka bari a tsakar gida shekara biyu: launinta ya koɗe, in ka shafa sai farin gari ya biyo hannunka, ranar da wani ya zauna da ƙarfi ƙafarta ta ɓalle. Abin da ke faruwa da bamba ke nan, sai dai ita a hankali take nata.

To, a nan ne zaman Jos ya shigo cikin maganar. Mutane da yawa suna ɗauka tunda garinmu na da sanyi, rana ba ta yi wa mota illa kamar a Kano ko Sakkwato. Zafi daban, wannan hasken daban. Jos tana zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, duwatsun Shere ma sun haura mita 1,800. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙarfin UV yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000 da aka hau, domin iskar da ke tace shi tana raguwa. Ga shi kuma muna kusa da tsakiyar duniya, inda rana ke tsayuwa a kan kai. Ko ranar da aka yi lumshi, kaso mai yawa na hasken yana ratsa siririn gajimare. Kana iya sanye da rigar sanyi a Terminus da hantsi, alhali robar motar da ke gabanka tana ƙonewa.

Sai kuma sauyin yanayi tsakanin dare da rana. A wasu dararen Disamba da Janairu sanyi kan sauka kusa da digiri 10, da azahar kuma baƙar robar da ke cikin rana ta yi zafin da ba ka iya barin tafin hannunka a kai. Roba tana buɗewa da zafi, tana tsukewa da sanyi, fiye da yadda ƙarfen da aka maƙala ta a jikinsa yake yi. Wannan ja-in-ja na kullum yana faɗaɗa ƙananan tsagen, yana sassauta 'yan maƙalan da ke riƙe da ita. Shi ya sa nake ba yaran gareji shawara: kada ku ɓamɓare robar tsohuwar mota da sassafen hunturu. Ku bari rana ta ɗan ɗumama ta, in ba haka ba maƙalan za su karye a hannunku, ku koma ɗaure bambar mutum da waya.

Hunturu kuma yana zuwa da hazonsa. Ƙurar nan mai laushi da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana ɗauke da ɓarɓashin ma'adinai masu kaifi. A damina, wadda a nan takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba da ruwan da ya kai kusan milimita 1,400 a shekara, jar ƙasar unguwanni da ta tsofaffin wuraren haƙar kuza ce ke fallatsa a ƙasan mota. Wannan jar ƙasa tana da sinadarin ƙarfe, in ta shige ramukan roba mai kaushi ta bushe, sai ta bar jan tabo da ruwa kaɗai ba ya fitarwa. Rana, sanyi, ƙura da laka: duk huɗun motar Jos tana fama da su a shekara guda.

Abubuwan da ake shafawa, da abin da suke haifarwa

Ku tsaya ku kalli yadda ake yi a wurare da yawa. An gama wanke mota, mai ita yana zaune a benci yana danna waya. Yaro ya ɗauko tsumman da ya yi baƙi ƙirin, ya tsoma a gwangwanin man da aka juye daga inji, ya matse, ya bi bamba da shi, ya bi bakin taya, ya bi gindin gilashi. Nan take robar da ta yi furfura ta koma baƙa tana sheƙi. Mai mota ya taso ya ce, "Kai, yaro, ka iya aiki," ya ƙara masa wani abu a kan kuɗin wanki. Kafin motar ta bi titin Bauchi ta isa Farin Gada, ƙura ta manne a duk inda man ya taɓa, bambar ta koma ruwan ƙasa. In an yi ruwa, man ya gangaro ya zana baƙaƙen layuka a jikin fenti, wanda ke gindin gilashi kuma ya fallatso kan gilashin, abin goge ruwa ya shimfiɗa shi a gaban idon direba da daddare. Bayan mako guda robar ta fi da fari, mai mota ya dawo, aka sake shafa mata. Shi yana ganin ana kula masa da mota, alhali kullum ana rage mata kwana.

Baƙin mai ba ya tare hasken rana ko kaɗan. Jiƙa saman robar kawai yake yi, ya cike ƙananan tsagen na ɗan lokaci, kamar yadda ruwa ma ke sa ta yi baƙi kafin ya bushe. Bayan haka yana kumbura robobi masu taushi na bakin gilashi da ƙofa. Man birki ya fi shi muni: ɗigo ɗaya in ya zauna a kan fenti yana iya tayar da shi, kuma yana tsaga wasu robobin masu tauri. Fetur da kananzir da man gas da tina suna fitar da datti da sauri, amma suna tafiya da kariyar da ke saman robar, kuma in suka taɓa fitilar gaba sai ta yi hazo ko ta tsattsage. Man goge takalmi yana wankewa da ruwan farko, ya ɓata rigar duk wanda ya jingina.

Omo ma ku yi hattara da shi. An yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, saboda haka yana da kaifi. In ana wanke mota da shi kullum, yana kwashe duk wani abin kariya da aka shafa wa fenti da roba, in kuma ya bushe a rana kafin a ɗauraye, sai ya bar farin tabo a cikin ramukan robar. Sabulun da aka yi musamman don mota ba shi da wannan kaifin, kuma murfi ɗaya ko biyu ya isa bokiti.

Akwai kuma dabarar wuta da ta yaɗu ta hanyar bidiyon waya. Ana kara wa roba na'urar hura zafi ko harshen wutar gas, sai ka ga baƙi yana bin wutar kamar sihiri. Abin da ke faruwa shi ne saman robar yana narkewa, tsagen suna rufewa na ɗan lokaci. Ba a ƙara mata wata kariya ba, an ma ƙone sauran da ke akwai. Bayan 'yan watanni takan dawo da dabbare-dabbare, ta yi tauri, in an sake kara mata wutar ba ta amsawa kamar farko. Wanda hannunsa ya daɗe a wuri guda kuwa ya narkar da zanen robar, ko ya ƙona fentin gefe. Balle haɗarin kunna wuta kusa da tankin mai.

Yadda ake yi daidai

Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake so. Ku fara da inuwa. Kada ku wanke roba tana da zafi, domin sabulu zai bushe kafin ya yi aiki. Ku zuba ruwa tukuna ya kwashe ƙurar da ke sama. Wannan ya fi muhimmanci a hunturu, lokacin da direbobi ke ɗaukar busasshen tsumma da safe suna karkaɗe mota. Busasshen tsumma a kan ƙurar hunturu yana kankare saman roba da fenti, kuma ɓarnar taruwa take yi kullum.

Ku tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da kuka ɗebo daga jikin mota ya koma kanta. Soson da ya taɓa taya kada ya hau sama. Robar da ke da kaushi tana buƙatar buroshi mai laushi; tsohon buroshin haƙori ma ya isa ga lunguna da ragar gaba. Ku goga a hankali kuna zagayawa, za ku ga kumfa tana fitowa ja ko ruwan toka. Ku ɗauraye, ku maimaita har kumfar ta fito fara. Soson ƙarfe da samfefa ba su da wuri a nan, domin in suka shafe zanen robar ba mai mayar da shi.

Ku ɗaga murfin inji ku duba robar gindin gilashi. Akwai ramukan da ruwan sama ke bi ya fita, kuma ganyen mangwaro da na itacen turare suna toshe su. In suka toshe a damina, ruwa yana iya shiga cikin mota ya jiƙa kafet da wayoyi. Minti biyu na kwashe ganyen nan yana iya tsare mai mota daga kashe kuɗi mai yawa wurin mai gyaran waya.

In kuna shafa wa fenti folish, ku kiyaye kada ya taɓa roba mai kaushi, domin yana shiga ramukanta ya bushe ya yi fari. Ku manna tef na takarda a bakin robar kafin ku fara. In ya riga ya taɓa, abin goge rubutun fensir na 'yan makaranta yana fitar da shi, ko buroshi da sabulu.

Bayan wanki sai a bar robar ta bushe sarai, har cikin lungunanta. Daga nan sai ku gwada ta da yatsa, domin jinya tana bin girman ciwo.

Idan robar tana nan da baƙinta, yatsa bai ɗebo farin gari ba, wannan ita ce mai sa'a, kuma a kanta ya kamata ku fi ba da ƙarfi. Abin da take so shi ne man kariya da aka yi don robar waje, wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana tare UV. Irin wanda aka haɗa da ruwa, mai kama da madara, ya fi dacewa da garinmu, domin yana bushewa ba ya danƙo, ƙura ba ta manne masa. Irin mai maiƙo da sheƙi sosai ƙura yake kira. A zuba kaɗan a soso, a shafa siriri, a jira 'yan mintoci, a goge ragowar da busasshen tsumma mai tsabta. In ka shafa yatsa ka ji santsi, ka zuba da yawa. Irin wannan yana buƙatar sabuntawa duk bayan 'yan makonni, a damina ma fiye da haka.

Idan ta koma toka-toka amma ba ta tsage ba, man kariya kaɗai ba zai wadatar ba. Akwai magungunan da ke ɗauke da baƙin rini mai shiga cikin robar, akwai kuma masu bushewa su zama siririyar fata mai tauri a samanta. Waɗannan suna kai watanni, masu kyau ma su haura shekara, amma da sharaɗi: dole robar ta rabu da duk wani maiƙo. Wadda aka saba yi wa baƙin mai sai an wanke ta sau da yawa, a goge da sifirit irin na asibiti, kafin maganin ya kama. Bayan an shafa kuma ana so ta wuni ta kwana ruwa bai taɓa ta ba, har da raɓa. Ku karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba ku bi shi, in Turancin ya yi muku nauyi ku nemi wanda zai karanta muku. Ku fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Kasuwa kuma cike take da jabu, don haka ku saya a wurin wanda kuka sani, wanda za ku iya komawa gare shi in kaya bai yi ba.

Idan kuwa ta yi fari fat, tana zubar da gari, tsage sun fito fili, to magani ya ƙare. Sai fenti ko canji. Fenti ba ya kama folifirofilin haka kawai, sai an fara fesa wani share fage na musamman da aka yi don roba. Mai fentin da ya tsallake wannan mataki, aikinsa zai riƙa ɓarewa falle-falle tun daga wankin farko. Ku kuma sani cewa man sheƙi mai silikon abokin gābar mai fenti ne: in ya taɓa wurin da za a fesa, fentin sai ya yi ƙananan ramuka. Kada ku shafa shi a motar da za ta shiga fenti, ko kusa da inda ake fesawa.

Fitilar gaba da ta yi rawaya ita ma aikin rana ce, fatar kariyar da kamfani ya yi mata ce ta ƙone. Ana iya goge ta ta yi garau, amma in ba a sake shafa mata abin tare UV ba, cikin 'yan watanni za ta fi da lalacewa. Wannan ya wuce maganar ado, domin direban da zai gangara Hawan Kibo da daddare cikin hazo da fitilarsa ya dogara.

Matuƙa keke, ku ma maganar ta shafe ku. Tun da aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru a zamanin Gwamna Jonah Jang, keke ya zama abincin dubban matasa, kuma shi wuni yake a rana. Ku kula da robobinsa da rumfarsa, amma kada man sheƙi ya taɓa hannun tuƙi, ko abin taka birki, ko inda fasinja ke sa ƙafa, ko kujera, ko fuskar tayar da ke taka ƙasa. Santsi a waɗannan wurare rai yake ci.

Lokutan da suka fi dacewa da babban aiki a Jos biyu ne: ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, in ruwa ya ɗauke kafin hazo ya yi ƙarfi, da kuma Maris kafin ruwa ya sauka. Tsakaninsu sai wanki mai kyau da sabunta kariya. Mafi arahar kariya kuwa inuwa ce. Rumfar kwano ta fi gindin bishiya, domin bishiya na zubo ƙaro da kashin tsuntsu. Tamfol yana taimakawa in motar tana da tsabta, amma in an lulluɓa shi a kan ƙura, iska tana kaɗa shi, shi ma gogar jikin motar zai yi ta yi.

Lafiyarku da ruwan garinku

Baƙin man da ya fito daga inji yana ɗauke da dattin ƙonewa da ɓarɓashin ƙarfe, kuma kamfanonin mai da kansu suna gargaɗi cewa daɗewar taɓa shi da fata na iya jawo cutar daji. Yaron da ke tsoma hannu a cikinsa kullum, ya wanke da fetur, ya ci abinci da hannun, yana sayar da lafiyarsa da arha. Ku sa safar hannu ta roba. Ku kuma tuna inda ruwan wankinku yake zuwa. Kwatocin tsakiyar gari da yawa a rafin Dilimi suke ƙarewa, kuma da ruwan wannan rafi manoman rani ke shayar da kayan lambun da ke shiga kasuwannin gari. Man da ka zubar a kwata yana iya dawo maka a cikin kabeji da latas. Ku tara shi a jarka, akwai masu saye.

Amana ita ce jarin

Na san abin da wasunku za su ce: mai mota sheƙi yake so, in ban yi masa ba zai koma wurin na gaba. Gaskiya ne, wasu za su koma. Amma akwai hanyar da za ka jawo shi ba da gardama ba. Ka ce masa, "Alhaji, ka ba ni izini in gwada maka wani abu." Ka manna tef a tsakiyar bambar, ka yi wa rabi aikin gaskiya, ka bar ɗaya rabin yadda aka saba. Ka ce ya dawo bayan mako biyu ya duba da idonsa. Ka gaya masa kuɗin maganin, da kuɗin aikinka, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin a sabunta. In robar ta wuce gyara, ka ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan sai canji, kada in ci kuɗinka a banza." Ranar za ka rasa ɗan abin da za ka samu, amma mutumin da aka taɓa gaya wa gaskiya a kan motarsa ba ya mantawa, kuma shi zai turo maka 'yan'uwansa da abokan aikinsa.

Haka nan in dillali ya kawo mota ya ce a shafe ta da mai don mai saye ya ɗauka robar sabuwa ce, ku san cewa algus ne, kuma ko a masallaci ko a coci ba inda aka halatta shi. Gyara mota ta yi kyau kafin a sayar ba laifi ba ne. Laifin yana wurin ɓoye aibin da ka san zai bayyana bayan an biya kuɗi.

Masu wankin mota sun yi yawa a garin nan, kusan duk inda aka samu rijiya da fili za ka ga an kafa. Waɗanda suka san bambancin PP da PC, suka san abin da ya dace da kowanne, su ne 'yan kaɗan, kuma a cikinsu ne ake samun wanda ke tashi daga yaron wani ya buɗe nasa wurin. Ku sayi buroshi mai laushi, da tsummoki masu tsabta da kuka ware wa roba kaɗai, da kwalba ɗaya ta man kariya na gaske, ko da karo-karo za ku yi ku biyu ko uku. Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta lambar mota da ranar da kuka yi mata aiki, don ku tuna wa mai ita in lokacin sabuntawa ya yi. In ƙaramin yaro ya zo koyon aiki a ƙarƙashinku, ku koya masa wannan tun ranar farko, kada ku miƙa masa gwangwanin baƙin mai.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya ba ku halal mai yalwa, ya tsare ku da lafiya, ya kuma zaunar mana da Filato lafiya.